Yadda Ake Haɗa Tarihin Tsohon Kulob na Turai Ba Tare da Tafka Kuskure Ba: Misali da Arsenal

Duk wanda ya zauna zai rubuta tarihin kulob irin Arsenal, Juventus ko Real Madrid, abin da zai fara cin karo da shi shi ne shekarar da aka rubuta a jikin tambari ko bayan riga. Da ita ake farawa, kuma sau da yawa a nan ake fara kuskure. Kulob ɗin da ya haura shekara ɗari ya sauya suna, ya sauya fili, ya sauya masu shi, dokokin wasan da ake ƙirga masa maki da su ma sun sauya a hannunsa fiye da sau ɗaya. Aikin mai rubuta tarihinsa shi ne ya san wace doka ce ke aiki a kowace shekara kafin ya ɗora lamba a kan takarda. Za mu bi aikin daki-daki, muna ɗaukar Arsenal a matsayin babban misali, domin kusan duk tarkon da ake faɗawa yana cikin tarihinta.

Shekarar kafuwa: me aka kafa a wannan shekarar?

Kada ka rubuta "an kafa shi a shekara kaza" sai ka amsa tambayoyi huɗu daban-daban: yaushe mutanen suka fara taruwa, yaushe suka buga wasan farko, yaushe suka fara biyan 'yan wasa albashi, yaushe kuma suka shiga gasa. A Arsenal amsoshin sun bambanta. Ma'aikatan masana'antar makamai ta Royal Arsenal da ke Woolwich, kudu maso gabashin Landan, su ne suka haɗa ƙungiyar a 1886 ƙarƙashin jagorancin David Danskin, ɗan Sikotilan, da sunan Dial Square, wato sunan wani sashe na masana'antar. Wasansu na farko ranar 11 ga Disamba 1886 ne da Eastern Wanderers, suka ci 6–0. Sai a 1891 suka koma wasan sana'a, a 1893 kuma suka zama kamfani mai hannun jari suka shiga Rukuni na Biyu na gasar Football League, kulob na farko daga kudancin Ingila da ya shiga. Shekaru uku ke nan, 1886, 1891 da 1893, kowacce da abin da take nufi. Ka rubuta su duka.

Na Arsenal ma mai sauƙi ne. TSV 1860 Munich tana ɗauke da 1860 a sunanta, amma wannan shekarar ƙungiyar motsa jiki ce. Sashen ƙwallon ƙafa sai a 1899 aka buɗe shi. Hamburger SV tana ƙirga shekarunta daga 1887, alhali kulob ɗin da ake gani yau ya fito ne daga haɗewar ƙungiyoyi uku a 1919, aka ɗauki shekarar wadda ta fi tsufa a cikinsu. Stoke City ta daɗe tana cewa 1863, masu bincike kuwa ba su samu shaidar wasa ba sai daga 1868. Genoa ta fara a 1893 ne a matsayin ƙungiyar kurket da guje-guje ta Turawan Ingila mazauna birnin. Kulob yana da dalilin son tsufa, tunda tsufa daraja ce kuma ana sayar da riga da shi. In ka samu shekaru biyu suna karo da juna, ka kawo wadda kulob yake iƙirari, ka kawo wadda takardu suka tabbatar, ka faɗi wacce ce wacce.

Sannan ka bincika ko zaren ya taɓa tsinkewa. Fiorentina ta durƙushe a 2002, aka kafa sabon kamfani da sunan Florentia Viola kafin a dawo da tsohon sunan. Napoli ta bi irin wannan hanyar a 2004, Parma a 2015. Kamfanin da ke riƙe da Rangers ya rushe a 2012, ƙungiyar ta sake farawa daga rukuni na huɗu a Sikotilan, kuma har yau ana gardama a kan ko kulob ɗaya ne ko sabo. Ita kanta Woolwich Arsenal ta shiga matsin kuɗi har aka rushe kamfaninta a 1910, Henry Norris, wanda yake shugaban Fulham a lokacin, ya karɓe ta, ya kuma nemi haɗe ƙungiyoyin biyu bai samu amincewa ba. Yawancin gajerun tarihin Arsenal suna tsallake wannan, kuma idan ka tsallake shi ƙaurar da ta yi zuwa arewacin Landan a 1913 za ta zo wa mai karatu kamar daga sama.

Jerin sunaye da jerin filaye

Kafin ka buɗe tsohuwar jarida ko guda, ka tanadi jerin sunayen da kulob ya taɓa amsawa, kowanne da shekarunsa, domin da sunan lokacin za ka yi bincike. Wanda ya nemi "Arsenal" a jaridun 1888 zai sha labaran masana'antar bindiga. Jerin shi ne: Dial Square a 1886, Royal Arsenal jim kaɗan bayan haka, Woolwich Arsenal daga 1893, The Arsenal daga 1914, sai Arsenal zalla daga 1919. Manchester United kuwa Newton Heath ce daga 1878 zuwa 1902. A Italiya da Sifaniya siyasa ce ta riƙa sauya sunaye: gwamnatin Mussolini ta sa Inter ta koma Ambrosiana a 1928, Athletic Bilbao ta zama Atlético de Bilbao a 1941 zamanin Franco, Madrid kuma ta samu laƙabin "Real" daga Sarki Alfonso na 13 a 1920, ta ajiye shi a 1931 da aka kafa jamhuriya, ta sake ɗauka a 1941. In ka rubuta cewa "Real Madrid" ta ci La Liga a 1932, ka kira ta da sunan da ba ta amsa shi a ranar.

Haka za ka yi wa filaye. Arsenal ta fara a filin Plumstead Common, ta yi Manor Ground, ta koma Invicta Ground daga 1890 zuwa 1893, ta dawo Manor Ground har 1913, sai Highbury a arewacin Landan na tsawon shekara 93, sai Emirates daga 2006. A ƙarƙashin jerin ka buɗe wani ɗan sashe na lokutan da kulob ya yi "wasan gida" a filin da ba nasa ba. A Yaƙin Duniya na Biyu an karɓe Highbury don aikin kare farar hula, Arsenal ta riƙa wasa a White Hart Lane, gidan babbar abokiyar hamayyarta Tottenham. Wasanninta na gida a Gasar Zakarun Turai na kakar 1998–99 da 1999–2000 a Wembley aka buga su. Manchester United ta yi zaman aro a Maine Road na Manchester City har 1949 bayan bom ya lalata Old Trafford a 1941. Wannan ɗan sashen shi zai hana ka danganta wa fili yawan 'yan kallon da bai taɓa ɗauka ba.

Maganar 'yan kallo ma tana da nata tarko. Mafi yawan mutanen da suka taɓa shiga Highbury 73,295 ne, a wasa da Sunderland ranar 9 ga Maris 1935, amma lokacin da aka rufe filin a 2006 mutum 38,419 yake ɗauka. Filin bai ƙanƙance ba. Bayan bala'in filin wasa na Hillsborough na 1989, inda cunkoso ya kashe 'yan kallo, rahoton binciken Taylor ya sa an wajabta kujeru a filayen manyan ƙungiyoyin Ingila, aka daina cunkoson kallo a tsaye. In ba ka yi wannan bayanin ba, mai karatu zai ɗauka magoya baya ne suka ragu, alhali ƙarancin kujerun ne ma ya tilasta gina fili mai ɗaukar kusan 60,000.

Teburin kakar wasa: nan ne aikin yake

Wannan shi ne ƙashin bayan komai, kuma shi ne ya fi cin lokaci. Ka buɗe tebur a kwamfuta, layi ɗaya ga kowace kaka, da ginshiƙai kamar haka: kaka, rukuni, yawan ƙungiyoyi a rukunin, wasannin da aka buga, nasara, canjaras, rashin nasara, ƙwallayen da aka ci, waɗanda aka sha, maki, matsayi, inda aka tsaya a kowane kofi, koci, wanda ya fi cin ƙwallo, da ginshiƙi na ƙarshe don bayani.

Ka lissafa yawan layukan da ya kamata ka samu tun kafin ka fara cikewa. Daga 1893–94 zuwa 2024–25 kaka 132 ce. Cire huɗu na Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1915–16 zuwa 1918–19. Cire bakwai na Yaƙi na Biyu, daga 1939–40, wadda aka soke bayan wasa uku kacal, zuwa 1945–46. Saura 121. In teburinka ya ba ka 122 ko 123, to ka shigar da gasannin yanki na lokacin yaƙi, waɗanda ba a ƙirga su a kundin hukuma saboda 'yan wasa na aro ne suka cika su, soja ya buga wa duk ƙungiyar da ke kusa da barikinsa. Lura da abu ɗaya: an buga Kofin FA a 1945–46 duk da babu gasar lig, saboda haka wannan kakar tana buƙatar layi a teburin kofuna.

Kowane layi ka gwada shi da lissafi biyu. Na farko, nasara da canjaras da rashin nasara su haɗu su ba da yawan wasanni. Na biyu, makin ya dace da dokar shekarar. A Ingila maki 2 ake ba wanda ya yi nasara har zuwa 1980–81. Daga 1981–82 aka koma 3. Italiya ta koma 3 a 1994–95, Sifaniya da Jamus a 1995–96. In lissafin bai fita ba, ko dai ka kwafi lamba ba daidai ba, ko an zaftare wa kulob maki. Ga misali: a 1990–91 Arsenal ta ci wasa 24, ta yi canjaras 13, aka doke ta sau ɗaya. Wannan maki 85 ne, amma teburin hukuma 83 ya nuna, domin an cire mata maki 2 saboda dambacewar da aka yi a Old Trafford a watan Oktoba 1990. Ita kuma Manchester United aka cire mata 1. Irin wannan shi ne amfanin ginshiƙin bayani.

Yawan wasanni ma ba ɗaya ba ne. Daga 1919–20 zuwa 1986–87 wasa 42 ake bugawa a Rukuni na Ɗaya, a 1987–88 aka yi 40, sai 38 na kaka uku, aka koma 42 daga 1991–92 zuwa 1994–95, sannan 38 daga 1995–96 har yau. Don haka kwatanta maki kai tsaye tsakanin zamani biyu aikin banza ne. In kana son kwatanci, mayar da duka zuwa doka ɗaya ka raba da yawan wasanni. Arsenal ta 1930–31 ta ci wasa 28, canjaras 10, rashin nasara 4, ta zura ƙwallo 127, ta samu maki 66. A dokar yau maki 94 ke nan a wasa 42, kusan 2.24 a kowane wasa. Ta 2003–04, wadda ba a doke ta ba, ta ci 26, canjaras 12, maki 90 a wasa 38, kusan 2.37. Yanzu ka samu abin da za a iya ɗorawa a sikeli ɗaya. Kuma in za ka rubuta cewa ita ce ta gama kaka ba a doke ta ba, ka ambaci Preston North End ta 1888–89, wadda ta riga ta, amma a wasa 22.

Sai babban tarko: yadda ake raba gardama in maki ya zo ɗaya. Har zuwa 1975–76 a Ingila ana raba ƙwallayen da aka ci da waɗanda aka sha ne, wato matsakaicin ƙwallaye. Daga 1976–77 aka koma debewa, wato bambancin ƙwallaye. Dokokin biyu suna iya ba da zakara daban. A 1952–53 Arsenal da Preston kowacce ta gama da maki 54. Arsenal ta ci 97 ta sha 64, matsakaici 1.516, Preston ta ci 85 ta sha 60, matsakaici 1.417, Arsenal ta ɗauki kofi. A 1988–89 kuma, bayan nasarar Arsenal 2–0 a Anfield, gidan Liverpool, ranar 26 ga Mayu da ƙwallon Michael Thomas ta mintin ƙarshe, Arsenal da Liverpool sun yi kunnen doki a maki 76, bambancin ƙwallayensu ma ɗaya, 37. Yawan ƙwallayen da aka zura ne ya raba, 73 da 65. Da tsohuwar dokar ce ke aiki, Liverpool mai 65 da 28 za ta samu 2.32, Arsenal mai 73 da 36 ta samu 2.03, kofin ya zauna a Anfield. In ka bar kwamfuta ta jera maka tsofaffin tebura da dokar yau, za ta sauya wa wasu ƙungiyoyi matsayi ba ka sani ba.

Hukuma ma takan yi wannan kuskuren. Shekara da shekaru kundin Football League yana nuna Arsenal ta gama ta shida a Rukuni na Biyu a 1914–15, sai a 1975 aka gyara bayan an gano kuskuren lissafin matsakaicin ƙwallaye, ta koma ta biyar. Shi ya sa za ka ga tsofaffin littattafai da sababbi sun saɓa a nan, kuma kowanne ya kwafo daidai daga abin da ya tarar.

Ƙirga kofuna

Ka tsayar da doka ka rubuta ta a farkon sashen, sannan ka bi ta har ƙarshe. Zuwa ƙarshen kakar 2024–25 Arsenal ta zama zakaran Ingila sau 13, amma Firimiya uku ce a ciki: 1998, 2002 da 2004. Sauran goman na tsohon Rukuni na Ɗaya ne, kafin a kafa Firimiya a 1992. Darajarsu ɗaya, sunan ne daban, saboda haka "ta ci Firimiya sau 13" kuskure ne, "kofin lig uku kawai take da shi" ma kuskure ne. Liverpool da Manchester United kowacce tana da 20 zuwa 2025, amma ta farko biyu ne nata a zamanin Firimiya, ta biyu 13. A Jamus Bundesliga ta fara a 1963, don haka kofin Bayern Munich na 1932 na ƙasa ne amma ba na Bundesliga ba.

A Turai, zuwa ƙarshen kakar 2024–25 Arsenal tana da kofi biyu: Fairs Cup na 1970, da ta doke Anderlecht 4–3 a wasa gida da waje, da Cup Winners' Cup na 1994, da ta ci Parma 1–0 a Kopenhagen. UEFA ba ta ƙirga na farkon a cikin gasanninta domin ba ita ta shirya shi ba. Kofin UEFA ne ya maye gurbinsa a 1971, shi kuma ya koma Europa a 2009. Na biyun an daina buga shi a 1999. Ka ware wa kowanne layinsa, kada ka cusa Fairs Cup cikin Europa. Community Shield kuma wasa ɗaya ne na buɗe kaka, kuma a da in an tashi canjaras raba shi ake yi, kamar yadda Arsenal da Tottenham suka yi a 1991. Ko ka ƙirga shi ko ka bar shi, ka faɗa.

Akwai kofunan da aka ƙwace. Bayan badaƙalar alƙalan wasa ta 2006 an karɓe wa Juventus kofin 2004–05 da na 2005–06; na biyun aka ba Inter, na farkon aka bar shi babu mai shi. Hukuma tana ƙirga wa Juventus 36, magoya bayanta suna cewa 38. Marseille ma an ƙwace mata kofin Faransa na 1992–93, amma Kofin Zakarun Turai da ta ci a wannan kakar yana nan a hannunta. A irin wannan, lambar hukuma ce take shiga tebur, iƙirarin kulob ya shiga bayani.

Wani ƙaramin abu da ke ɓata rubutu: shekara da kaka. Kofin FA na farko da Arsenal ta ci a 1930 na kakar 1929–30 ne, kofin lig na farko kuma na 1930–31 ne. Wanda ya rubuta "1930" ga duka biyun ya ƙirƙiro mata cin kofi biyu a kaka ɗaya, abin da ba ta yi ba sai a 1970–71.

Mutane: wa ya yi me

Sunan babban koci yakan haɗiye aikin na bayansa. Ana cewa Arsenal ta Herbert Chapman ta ci lig sau biyar a shekarun 1930, amma Chapman, wanda ya zo daga Huddersfield a 1925, ya rasu ranar 6 ga Janairu 1934. Na 1931 da 1933 ne nasa cikakku. Joe Shaw ne ya ƙarasa kakar 1933–34 a matsayin riƙon ƙwarya, George Allison kuma ya ci na 1935 da 1938 da Kofin FA na 1936. Saboda haka ginshiƙin koci yana buƙatar wata da rana, shekara kaɗai ba ta isa ba. Arsène Wenger ma ya kama aiki ne a watan Oktoba 1996, kakar ta riga ta yi nisa.

Alƙaluman 'yan wasa kuma ka bayyana ko na lig kaɗai ne ko na dukkan gasanni. Ƙwallo 228 na Thierry Henry na dukkan gasanni ne, haka 185 na Ian Wright da 178 na Cliff Bastin, haka wasa 722 na David O'Leary. Shekarun Bastin mafi kyau yaƙi ya cinye wani ɓangarensu, kuma a zamaninsa babu gasar Turai babu League Cup, wanda aka fara a 1960. Canjin ɗan wasa ma sai a 1965–66 aka yarda da shi a lig ɗin Ingila, don haka kafin nan duk wasan da aka ƙirga wa mutum da shi aka fara. Bayan nan ka raba ginshiƙi biyu, wanda aka fara da shi da wanda ya shigo canji. Akwai kuma wasannin da aka soke: wasan farko na Nwankwo Kanu a Arsenal, na Kofin FA da Sheffield United a Fabrairu 1999, an ci 2–1 amma aka sake buga shi saboda rigimar ƙwallon Marc Overmars, wadda aka ci bayan an fitar da ƙwallo waje don a duba wanda ya ji rauni. Dole ka yanke ko za ka ƙirga irin wannan wasan, ka kuma faɗa wa mai karatu.

In ka ga ƙwallaye sun yi tsalle ko sun faɗi a duk gasar lokaci ɗaya, nemi sauyin doka kafin ka yabi ɗan wasa. A 1925 an sassauta dokar satar gida, daga 'yan baya uku zuwa biyu. Ƙwallayen Rukuni na Ɗaya suka tashi daga 1,192 a 1924–25 zuwa 1,703 a kakar da ta biyo. Wannan ne ya sa Chapman da kyaftin ɗinsa Charlie Buchan suka janyo ɗan tsakiya ɗaya baya ya zama mai tsaron baya na uku, tsarin da aka san shi da WM.

Kuɗi kuma ka bar shi a yadda aka biya shi. Kafin 1971 fam ɗaya sule 20 ne, sule kuma kwabo 12. Buchan ya zo daga Sunderland a 1925 a kan fam 2,000 da ƙarin fam 100 kan kowace ƙwallo da ya ci a kakarsa ta farko. Ya ci 21, kuɗin ya ninka har da ɗoriya. David Jack daga Bolton a 1928 shi ne ɗan wasa na farko da aka saya sama da fam 10,000, sai dai majiyoyi sun saɓa a kan ainihin adadin, don haka "sama da fam 10,000" ya fi aminci a kan lamba mai kama da tabbas.

Riwaya da tabbas

Kowane tsohon kulob yana da labaran da aka maimaita har suka zauna kamar gaskiya. Ka yi musu aji uku: abin da takardar lokacin ta nuna, abin da wani da ya halarta ya faɗa bayan shekaru, da abin da ake faɗa kawai. Labarin cewa mutum goma sha biyar suka ba da sisi-sisi, Danskin ya ƙara sule uku aka sayi ƙwallon farko, da labarin cewa Nottingham Forest ce ta aiko da jajayen riguna, irin waɗanda za ka gabatar da "ana cewa" ne. Fararen hannuwan riga a 1933 da sauya sunan tashar jirgin ƙasa ta Gillespie Road zuwa Arsenal a 1932 kuwa tabbatattu ne.

Mafi zafi shi ne batun 1919. An faɗaɗa Rukuni na Ɗaya daga ƙungiya 20 zuwa 22, aka bar Chelsea da ta gama ta 19, aka kaɗa ƙuri'a a kan gurbin ƙarshe, Arsenal da ke Rukuni na Biyu ta samu 18, Tottenham da ta gama ta 20 ta samu 8. Wannan tabbas ne. Zargin cewa Norris ya ba da cin hanci ya daɗe yana yawo, amma ba a taɓa kawo hujjarsa ba. Hukumar FA ta hukunta shi a ƙarshen shekarun 1920, sai dai a kan wasu harkokin kuɗi daban. Ka rubuta waɗannan ukun a jimloli uku, kada ka haɗe su su zama hukunci. Tun daga wannan ƙuri'ar Arsenal ba ta sake faɗuwa ba, kaka 99 a jere zuwa 2024–25.

Wajen tabbatarwa, shafin kulob ɗin kansa wurin farawa ne, amma gwani ne wajen rufe abin kunya. Jaridun lokacin sun fi ƙarfi, kuma na Birtaniya da yawa suna cikin British Newspaper Archive a intanet. Tsofaffin tebura da sakamako na ƙasashe da dama suna shafin RSSSF. Rajistar kamfanonin Birtaniya, Companies House, tana nuna lokacin da aka yi wa kamfani rajista da sunayen daraktocinsa. Ka riƙe ƙa'idar majiya biyu da ba su kwafi juna ba. Shafuka goma masu jimla iri ɗaya, har da kuskuren rubutu iri ɗaya, majiya ɗaya ce.

Yanka labarin

Sai bayan teburin ya cika za ka fara rubutu. Kada ka yanka babi-babi da shekara goma-goma, domin tarihin kulob ba ya bin kalanda. Ka yanka a inda wani abu ya sauya alƙibla: ga Arsenal, shiga lig a 1893, faɗuwa da ƙaura a 1913, zuwan Chapman a 1925, kofin 1953 da shekara 17 na fari da suka biyo shi har 1970, zuwan George Graham a 1986, zuwan Wenger a 1996, barin Highbury ranar 7 ga Mayu 2006 da nasarar 4–2 a kan Wigan, da tafiyar Wenger a 2018. Babukan ba za su yi tsawo ɗaya ba, kuma bai kamata su yi ba. Sai dai ka yi hattara da ba shekarun da ka gani da idonka rabin littafin. Shekara 20 na Woolwich a lig su ne suka bayyana dalilin da ya sa kulob ɗin kudancin Landan ya zama na arewa, da asalin gabarsa da Tottenham.

A ƙarshe, duk lambar da za ta iya ƙaruwa, kofi ne, ƙwallo ne ko kaka, ka liƙa mata "zuwa ƙarshen kakar kaza", ka kuma ajiye teburin a fayil daban da rubutun domin kowane watan Yuni layi ɗaya kawai za ka ƙara ka sake gwada lissafin nan biyu.